Riziki da Lallen Mai Takaba

Shekarata talatin da ɗaya ina fitowa a fim a Dar es Salaam, kuma ba a taɓa kuskuren ba ni matsayin mutuniyar kirki ba. In ba mayya ba, to uwar miji. Wani lokacin ma a haɗa mini duka biyun a fim ɗaya don furodusa ya huta da ciyar da tsofaffi biyu. Sunana Havijawa, amma a lokeshan Bibi, wato kaka a harshenmu na Swahili, kowa ke ce mini, har da waɗanda suka girme ni suke ɓoye furfura da rini. Daraktoci kuwa na ga kala-kala: mai ihu, mai gyangyaɗi a kujera, mai canza jaruma duk ranar da ya canza budurwa. Duk cikinsu ba wanda ya taɓa kaɗa mini hanji sai Riziki, alhali ita ko tsawa ba ta iya ba.

Riziki 'yar Magomeni ce. Uwarta na soya waina a bakin tashar mota, irin tamu ta shinkafa da kwakwa, ita kuma tana kai wa masu shaguna. Tana shekara goma sha tara gwaggonta, mai dafa mana abinci a lokeshan, ta kwanta ciwon ƙafa, aka turo ta ta riƙe tukunya na mako guda. Rana ta uku ta shigo da tiren shayi muna tsakiyar ɗaukar wata mutuwa. Wani ƙato na kwance ya cika, mu kuma muna ta kururuwa a kansa. Ta tsaya da tire a hannu, ta ce a hankali, “Jiya gawar nan ba ta da safa.”

Darakta ya wanke ta tas, ya ce wa ya sa bakin mai shayi. Sai aka duba ɗaukar jiya. Ga mamaci nan ƙafa ba komai, yau kuma ya ji sanyi ya sa safa ja. Bai ba ta haƙuri ba, ai namiji ne, amma washegari ya miƙa mata littafi da biro.

Shekara goma sha huɗu tana riƙe da littafin nan. Aikinta ta rubuta komai: wane zane jaruma ta ɗaura, ina ta ajiye kofi, shayin ciki rabi ne ko cike. Fitowar da mai kallo ke gani a minti biyu, wataƙila kwana tara ne tsakanin farkonta da ƙarshenta, kuma idon Riziki ne ke ɗinke su. Ni kaina ta sha kama ni.

“Bibi, ranar Talata ba ki da haƙorin gaba.”

“To ya tsiro. Haramun ne?”

“Zauna a shafa miki baƙin, don Allah.”

A tsakiyar shekarun nan ta yi aure da wani direban mota. Ya ce ta zaɓa, ko shi ko fim. Ta ce ya ba ta kwana biyu ta yi tunani, shi kuma kwana biyun nan suka ƙona masa rai ya tattara ya tafi. Ya bar mata 'ya guda da gado mai ƙafa uku.

Ashe duk tsawon lokacin nan tana rubuta labarin kanta a bayan littafin mutane. Labarin wata mace ne da mijinta ya nitse a teku, tana takaba a gidan uwarsa, ta ɓoye rigarsa ta ƙarshe ta ƙi wankewa saboda ƙamshinsa bai fita ba. Ta kai wa wani gidan talabijin. Shugabar sashen shirye-shirye, wata doguwa mai suna Mama Lyimo wadda ban taɓa ganin haƙorinta ba, ta karanta ta ce a yi kashi na farko ta gani. In ya yi, kashi goma sha uku ne.

Sai dai gidan talabijin ba ya hulɗa da mutum sai da kamfani, don haka dole Riziki ta shiga ƙarƙashin wani furodusa, Shomari. Shomari ya so labarin, bai so mai labarin ba. Yana da ƙanin mata mai ɗaukar bidiyon waƙa, wanda ya daɗe yana neman inda zai cusa shi. A gabana ya ce mata, “Litinin ƙarfe biyu za a nuna wa Mama Lyimo. In kin kawo cikakke, kujera taki ce. In da saura ko fitowa ɗaya, kin koma kan littafinki, wani ya zauna.”

Kwana goma muna aiki a wani tsohon gida a Bagamoyo. Riziki ta rame har zobenta na zamewa. Ba ta ɗauki mai riƙe littafi ba, wai ita za ta haɗa, amma tun rana ta biyu littafin bai sake fitowa daga jaka ba. Zuwa Juma'a an gama komai, har an tace, saura fitowa guda: uwar miji, wato ni, ta gano rigar, ta tsaya a kan mai takaba sai ta wanke ta. Kashin gaba ɗaya wannan wankin yake nufa. Riziki ta tsara shi a ɗauka guda ba yankewa, kyamara ta fara daga hannuwa cikin kumfa ta hau a hankali zuwa fuska. Kuma wannan ne wurin da Mama Lyimo ta ja wa layi da jan biro.

Aka sa ranar Lahadi, domin Asabar bikin ƙanwar jarumarmu Zuwena ne a Temeke, kuma duk an gayyace mu. Bayan Lahadi babu wata rana. Mai gidan ya riga ya kira kafintoci, Litinin da safe za su yaye rufin. Riziki ba ta je biki ba. Ta aika da gudummawarta, ta kwana a Bagamoyo tana auna inda rana ke faɗowa a tsakar gida.

Yanzu ga abin kunyar. Ranar Lahadi da asuba, mu mata bakwai a mota ɗaya, tun daga Dar har Bagamoyo kowa na nuna wa kowa zanen lallen hannunta. Ana cewa na wance ya fi kamawa, na wance kuwa kamar kaza ta bi ta kai. Mata bakwai, a haɗe mun haura shekara ɗari a harkar fim, ba wadda ta tuna.

Riziki ta tarye mu a ƙofa. Ta rusuna ta gaishe ni, “Shikamoo, Bibi,” ta kama hannuna. Ban kai ga amsawa ba idonta ya sauka a kan lallen. Ta juya tafina, ta juya bayan. Ja da baƙi, furanni har wuyan hannu. Ni da zan fito uwar mamaci, kwana shida da binne ɗana.

Ta saki. Ta dubi hannun Tatu mai kwalliya. Ta dubi na mai kayan sawa. Ta bi mu ɗaya bayan ɗaya, kamar malamar makaranta na duba farce.

“Zuwena fa?” ta ce.

Me za a ce? A wurinmu, yayar amarya ta tsaya a gaban baƙi hannu fari, ai shekara za a yi ana cewa baƙin ciki take yi ko sun ɓata da uwarta. Mu baƙi ne aka yi mana na wuyan hannu. Ita mai biki ce.

Ƙarfe tara Zuwena ta iso a motarta, tana hamma. Lalle har gwiwar hannu, farce goma jajir. Ta ɗaga su tana murmushi don mu yaba, sai ta ga fuskokinmu, sai ta dubi rigar mamaci da ke jiƙe a gefen baho. Murmushin ya zube.

“Wayyo Allah, Dada,” ta ce wa Riziki, wato yaya ke nan. “Wallahi ban tuna ba.”

“Ba laifinki ba ne,” in ji Riziki. “Aikina ne in faɗa. Shekara goma sha huɗu ni ke faɗa.”

Da ta yi ihu da mun ji sauƙi.

Kowace mace a ƙasar nan za ta yafe wa fim komai. Za ta yafe fatalwa mai duba hagu da dama kafin ta tsallaka titi. Amma mai takaba da lalle, wannan ko yarinya 'yar shekara takwas sai ta nuna talabijin da yatsa.

Muka hau gwaje-gwajen banza. Lemun tsami, toka, man goge baki, har kananzir. Hannun Zuwena ya yi ja ya kumbura, furannin kuwa ko gezau, sai ma ƙara sheƙi. Tatu ta lafta mata hoda mai kauri, ya yi kyau na minti ɗaya, tana tsoma hannu a ruwa ya narke. Wata ta ce a sa safar hannu. Na ce, “Eh, sai a sa mata tabarau kuma, a ce likita ce ke takaba.”

Kombo mai kyamara na zaune a kan akwatinsa yana sakace. Shekara ashirin yana ɗaukar fim, kuma har ranar bai daina kiran Riziki “mai littafi” ba.

“Mai littafi, a ɗauki fuska kawai mana. Wa zai sani?”

“Mama Lyimo.”

“To a rubuta cewa matar ta je biki cikin takaba. Sabon salo.”

Wayarta ta yi ƙara. Shomari ne. Muna jin muryarsa daga nesa: “An fara?” Ta ce ana gyara haske. Ya ce, “Madalla. Ƙanin madam na gaishe ki.” Ta kashe, ta shige ɗakin baya.

Na ba ta minti biyar, na bi ta. Tana zaune a kan tabarma, ta haɗa kai da gwiwa.

“Kuka kike yi?”

“A'a.”

“To yi. Tsakar gidan nan ƙarfe huɗu inuwa ke cinye ta, ke kika auna. Kina da lokacin kuka na kwata guda.”

“Bibi, in na koma kan littafi ba zan sake tashi ba. Kin san su. Za su ce an ba mace ta kasa, sai bayan shekara goma a sake ba wata.”

“Na san su. Na auri uku daga cikinsu.”

Ba ta yi dariya ba. Idonta na kan mayafin takabar da aka rataye a ƙusa, wani ƙaton zane mai duhu da za a iya rufe akuya biyu da shi. Ta daɗe tana kallonsa. Sai ta miƙe, ta yafa shi, ta ce in tsuguna a bayanta in zuro hannuwana ta ƙarƙashin hammatarta. Na ce gwiwoyina sun yi ritaya. Ta kira Tatu. Tatu ta tsuguna a baya, Riziki ta maida nata hannuwan baya ta rufe komai da mayafi. Wallahi in ba ka sani ba, mace ɗaya ce zaune.

Saura hannun da ba lalle. Aka roƙo wata maƙwabciya, matar masunci. Baiwar Allah nan ta shiga bayan Zuwena, aka ce akshan, ta hau rigar mamaci kamar ana gasa. Kafin Zuwena ta buɗe baki ta cuɗe, ta ɗauraye, ta matse, tana tambaya daga cikin mayafi ko akwai sauran kaya. Sau uku ana gwadawa. Hannun da ake so shi ne wanda ya san inda zai tsaya, inda zai yi rawa, inda zai ƙi. Ba a koyar da wannan a awa ɗaya.

Ƙarfe biyu da rabi. A gidan nan kaf, mace ɗaya ce ta haddace fitowar kuma ba ta je biki ba.

Riziki ta cire zobenta ta ba ni. Tatu ta dubi hannun Riziki, ta dubi fuskar Zuwena wadda man bilicin ya mayar kamar gwanda, ta ce, “Dada, kalar fa?” Riziki ta ce a ƙara sabulu har kumfa ta rufe wuyan hannu. Ni kuma aka ce in goya hannuwana a baya, kada in sake su ko gini na faɗowa.

Abin da ya fi tsorata ta ba wannan ba ne. In ta shiga cikin mayafi, fuskarta na manne da bayan Zuwena, ba za ta ga komai ba. Darakta makauniya. Ta je gaban Kombo ta tsaya.

“Yaya Kombo, idona na hannunka. In gwiwata ta fito, ka faɗa. In bai yi ba, kada ka ce ya yi don mu tashi da wuri.”

Ya cire tsinken daga baki. “In na yi shiru fa?”

“Sai gobe in gani, ni da kowa.”

Ya tsaya yana kallonta. Ni dai a raina na ce shi ke nan, don na san da Shomari yake shan shayi a Kinondoni.

Ɗauka ta farko, Zuwena ta fashe da dariya, wai ana yi mata cakulkuli. Na ce, “Ki yi dariya da kyau, 'yar nan, ke kika kashe mu.” Ta biyu, Kombo ya ce kot, a tsaya, mai takaba na da ƙafa uku. Na dube shi da mamaki. Ta uku ta tafi lafiya har tsakiya, sai wani mai babur ya tsaya a ƙofar gida yana ta hon. Kowace ɗauka sai an sake kumfa, an busar da gaban mayafi. Inuwar katanga kuwa na rarrafowa, ta wuce rijiya, ta wuce turmi, saura taku biyu ta taɓa baho. Riziki ta leƙo, zufa kamar an tsamo ta daga teku, ta dubi inuwar, ta koma ciki.

“Akshan,” ta ce daga bayan Zuwena, murya a toshe.

Na tsaya a kanta, hannu a baya kamar hedimasta, na ce abin da aka rubuta mini: “Wanke. Ɗana ya tafi, ba a ajiye mini warinsa a gida.” Hannuwan suka ɗauki rigar. Suka kai ta bakin ruwa suka tsaya. Babban yatsa ya shafa wuyan rigar sau ɗaya. Sannan suka nutsa da ita a hankali, kamar ana saka jariri a ruwan wanka. Zuwena, wadda tun da na san ta sai an ɗiga mata magani take hawaye, ta ji rawar jikin da ke manne da bayanta, sai ga hawaye na gaske.

A nan na gani. Hannun da ya ɗauki sabulu na hagu ne. Shi ya cuɗa, shi ya murɗa. Riziki bahaguwa ce, ita kuwa Zuwena kwana goma tana komai da dama a gaban kyamara: tsintsiya, ludayi, carbi. Na buɗe baki. Na dubi inuwa, ta riga ta hau gefen baho. Na rufe bakina, na ƙarasa layina.

“Kot,” in ji Kombo. Ya sake duba hoton a kyamara. Sannan ya ce, “Darakta, fito. Ya yi.”

Kowa na tafi, ana rungumar juna, ni kaɗai ke tsaye kamar an aiko mini da sammaci. A mota ban ce komai ba. Na ce in faɗa, me za ta yi da shi? Rana ta faɗi, rufi zai tafi.

Litinin da hantsi na same ta a ɗakin mai tace fim a Ilala. Ba sai na faɗa ba. Tana zaune ta zuba wa allo ido, hannunta na hagu a ƙarƙashin cinya kamar ta kama ɓarawo.

“Kin gani jiya?” ta ce, ba ta juyo ba.

“Na gani.”

“Kika yi shiru.”

“Da na yi magana da yanzu ba ki da ko wannan.”

Mai tacewa ya gwada juya hoton, hagu ta koma dama. Sai ayar da aka sassaƙa a saman ƙofar gidan ta koma baibai a bayan Zuwena. Riziki ta ce a mayar yadda yake. Gara a ce ba ta iya aiki ba da a ce ta juya aya.

Ƙarfe biyu muna ofishin Mama Lyimo. Ni ba a gayyace ni ba, amma ba a korar tsohuwa. Shomari ya zo da ƙanin matarsa, wai rakiya. Minti arba'in ana kallo, na'urar sanyi na kaɗawa, ni ina zufa. Da aka zo wankin na kafa wa Mama Lyimo ido. Aka gama. Shomari ya yi gyaran murya, ya ce, “Ba laifi, ba laifi.” Bai ga komai ba.

Mama Lyimo ta ce a mayar da fitowar ƙarshe. Aka mayar. Ta kalla har ƙarshe, ta cire tabarau.

“Hannun wa ne?”

Shomari ya ce, “Wane hannu?”

“Nawa ne,” in ji Riziki. Ta faɗi komai, biki da lalle da mayafi, ba ta ɗora wa kowa ba. Shomari ya fara kumbura, yana cewa shi dama ya faɗa, irin wannan sakaci ne ya sa ya zo da wanda zai iya. Mama Lyimo ta ɗaga masa yatsa ɗaya.

“Kai sau nawa za a nuna maka kafin ka gani?” Ta juya ga Riziki. “Na hagun zai wuce. Wadda ta lura za ta yi wa maƙwabciyarta burga, shi ke nan. Abin da ba zai wuce ba shi ne darakta da ta ba jarumarta hutun biki ana gobe takaba. Ba zan ba ki sha uku ba. Huɗu. In na ga huɗu, sai mu yi magana. Kuma ki nemi mai riƙe miki littafi, ki daina haɗa aiki biyu.”

“Ni ce zan yi huɗun?”

“Akwai wata a nan mai hannun nan?”

Muka fito. A bakin titi Riziki ta zauna a kan bencin mai soya dankali da ƙwai. Na saya mata faranti guda, ta cinye, ta ce a ƙara. Tana cin na biyun ta ɗago.

“Bibi, bikin jikarki yaushe ne?”

“Ashirin ga wata.”

“Ranar ashirin da biyu kina da fitowa shida. Ba za ki sa lalle ba.”

“Kakar amarya? Ke, 'yar mai waina, kin san da wa kike magana?”

“Ko ɗigo.”

“Sai dai ki kashe ni a kashi na biyu.”

Ta ajiye cokali tana kallona. Na ga tana lissafin yadda za ta yi.

“Wasa nake yi,” na ce da sauri. “Ci abincinki.”